Perseus: ɗakin karatu na kyauta ga mai bin sawun Sikitiyawa da kalmar "barbaros"

Perseus Digital Library ɗakin karatu ne na intanet da ke hannun Jami'ar Tufts a jihar Massachusetts ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Gregory Crane. An ɗora harsashinsa a shekarun 1980, ya fito a faifan CD a 1992, ya hau intanet a 1995. Ba a biyan ko kwabo, ba a rajista. A cikinsa akwai manyan rubuce-rubucen Girkawa da Romawan dā da harshensu na asali, galibinsu da fassarar Turanci a gefe, ga kuma ƙamus da ke buɗewa da zarar an taɓa kalma.

Aiki ɗaya aka auna shi da shi a nan. Mai karatu ya sha jin ana cewa adabin Girkawa ya zana Sikitiyawa, makiyayan arewacin Baƙin Teku na zamanin dā, da Farisawa da sauran baƙi a matsayin "barbaros", yana son ya ga wuraren da idonsa, ya san wane marubuci ne ya faɗa, a wace shekara, da wace kalma. Ga wannan aiki Perseus ya cancanci lokacin mutum. Sai dai yana da nauyin buɗewa, fassarorinsa tsofaffi ne, sharhinsa ya fi fassarar tsufa, kuma wanda ya tsaya ga Turancin kaɗai zai tashi da fahimta rabi da rabi.

Adireshin shi ne perseus.tufts.edu/hopper. A saman shafi a taɓa Collections/Texts, sai Greek and Roman Materials, jerin marubuta zai fito bisa haruffa. Wannan hanya tana da tsawo, musamman a waya. Gajeriyar ita ce, da an buɗe kowane littafi akwai ƙaramin akwati a saman rubutun da ake rubuta lambar wuri a ciki. Hdt. 4.46 na nufin Herodotus, littafi na 4, babi na 46. Hom. Il. 2.867 zai kai mutum waƙar Homer, Aesch. Pers. 255 wasan Aeschylus, Eur. Med. 536 wasan Euripides, Hp. Aer. 18 littafin likitanci da ake jingina wa Hippocrates, Strab. 14.2.28 littafin ƙasashe na Strabo. Waɗannan lambobi iri ɗaya ne a bugun masana na ko'ina a duniya, don haka wanda ya riƙe su ya riƙe makulli.

A gefen dama akwai kalmomi biyu da ke rikita sabon shiga, focus da load. Focus yana ɗauke shafin da kake kai ya maye shi da ɗayan harshen. Load yana ajiye ɗayan a gefe, ka ga Girkanci da Turanci a lokaci guda. Load ake so. Abin da ya fi dacewa shi ne a sa Girkancin a tsakiya, Turancin a gefe, ko da mutum bai taɓa karanta harafin Girkanci ba, domin a ƙasan wannan gefen akwai Display Preferences, inda za a zaɓi Latin transliteration, rubutun ya koma haruffan boko. Daga nan ido zai iya tsinto barbaros, barbaroi, barbarôn a cikin layi ba tare da malami ba.

Asalin kalmar kwaikwayon sauti ne. Strabo ya yi bayani a 14.2.28 cewa an fara faɗinta ne ga masu magana da nauyin baki da kaushin furuci. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan. Muna da baubawa, muna da gwaranci, Larabawa kuma suna da ajami ga wanda harshensa bai fita da Larabci ba. Duka daga kunne suka fara kafin su koma raini. A waƙar Iliad, wuri ɗaya tak saiwar kalmar ta fito, a 2.867, inda aka kira mutanen Kariya barbarophonoi, masu baubawan harshe. Mutanen Troy da ake yaƙi da su ba a kira su da wannan suna ba, suna da alloli irin na Girkawa, suna da jarumta da mutunci. Marubucin tarihi Thucydides ya lura da haka a 1.3, ya ce Homer bai yi maganar barbaroi ba saboda a zamaninsa su kansu Girkawan ba su haɗu ƙarƙashin suna ɗaya ba tukuna. A 13.5 zuwa 6 na Iliad ɗin ma, masu tatsar goɗiya na can arewa sun fito tare da wata al'umma da aka kira mafi adalcin mutane.

Yaƙin Farisa ne ya sauya nauyin kalmar: Marathon a 490 kafin Miladiyya, Salamis a 480, Plataea a 479. Shekara 8 bayan Salamis, a 472, Aeschylus ya nuna wasansa na Farisawa a Atina. A buɗe baiti na 255 a duba. Ɗan aiken Farisa ne da bakinsa yake cewa rundunar barbaroi ta halaka gaba ɗaya, wato marubucin ya sa baƙo yana kiran kansa da sunan da abokin gabarsa ya raɗa masa. A baiti na 242 kuma dattawan Farisa suna gaya wa uwar sarki cewa mutanen Atina ba bayin kowa ba ne. Daga nan hoton ya kafu, Bagirke ɗa ne mai bin doka, barbaros bawan sarki ne mai zinariya da yawan kuka. A wasan Iphigenia a Aulis na Euripides, baiti na 1400, an ce daidai ne Girkawa su mulki barbaroi, kuma wannan baitin Aristotle ya ɗauko a littafinsa na siyasa, 1252b, ya kafa hujja da shi cewa barbaros da bawa ɗabi'arsu ɗaya.

Mai gaggawa zai tsaya nan ya ce magana ta ƙare. Amfanin Perseus shi ne cikin minti biyu za a buɗe wuraren da suka warware wannan. A Matan Troy na Euripides, 415 kafin Miladiyya, baiti na 764, Andromache, ɗaya daga matan Troy da aka kama, tana kallon Girkawa za su kashe ɗanta ƙarami, ta ce musu su ne suka ƙirƙiro muguntar barbaroi. Plato a Plat. Stat. 262d ya ce kuskure ne a raba 'yan Adam gida biyu, Girkawa gefe guda, sauran al'ummomin da ba sa ma jin harshen juna a tara su da suna ɗaya, ya ƙara a 263d cewa da gauraka tana da wayo, ita ma za ta ware gauraki gefe ta haɗa mutane da sauran dabbobi. Herodotus a 2.158 ya ce Misrawa ma barbaroi suke kiran duk wanda ba ya jin harshensu.

Littafi na 4 na Herodotus shi ne jigon aikin, babi na 1 zuwa 142, kuma a nan ne ya kamata a zauna a daɗe. Sikitiyawa makiyaya ne mahaya doki, masu harshe dangin Farisanci, da suka riƙe filayen arewacin Baƙin Teku, kudancin Yukren da Rasha na yau. Su da kansu, in ji 4.6, Skolotoi suke kiran kansu, Farisawa kuma, in ji 7.64, Saka suke ce musu. Labarin ya rataya ne a kan yaƙin da Sarki Dariyus na Farisa ya kai musu wajen 513 kafin Miladiyya.

A fara da 4.46. Herodotus ya ce yankin Baƙin Teku shi ne ya tara al'ummomi mafi jahilci, in ka cire Sikitiyawa. Su kuwa sun gano dabara ɗaya da ta fi ta kowa a duniya, ko da yake sauran al'adunsu ba sa burge shi: wanda ya kawo musu hari ba ya tsira, wanda suka so su ɓace masa ba ya kama su. Ba su da birni, ba su da ganuwa, gidajensu na kan kekunan shanu, kowa maharbi ne a kan doki, abincinsu daga garke yake fitowa. Yabo da raini suna cikin jimla ɗaya, kuma haka littafin yake tafiya har ƙarshe.

Ɓangaren da ake yawan tsinkowa a yaɗa shi ne 4.62 zuwa 72. Tsohon takobi a kan tulin ƙirare a matsayin gunkin yaƙi, ana ƙara masa kaya 150 na ƙirare duk shekara, ana yanka masa mutum 1 cikin kowane fursuna 100. Saurayi yana shan jinin mutum na farko da ya kashe. Ana yanka fatar kai ta zagayen kunnuwa, a kankare ta da haƙarƙarin sa, a murje ta da hannu har ta yi laushi, a rataye a linzami. Ƙoƙon kan babban maƙiyi ana yanke shi da zarto daga ƙasan gira, talaka ya lulluɓe shi da fata, mai hali ya shafe cikinsa da zinariya ya riƙa sha da shi. Idan sarki ya mutu, bayan shekara ana shaƙe samari 50 da dawakai 50 a kafa su kewaye da kabarin.

To, a nan ne kayan binciken Perseus ke nuna abin da fassara ke rufewa. A shiga All Search Options, a zaɓi Girkanci, a rubuta ba/rbaros da tsarin da suke kira Beta Code, a taɓa akwatin neman dukkan siffofin kalma, sannan a taƙaita ga Herodotus. Za a ga kalmar ta taru ne a littattafai na 7 zuwa 9, inda take nufin rundunar Farisa. A labarin Sikitiyawa ba kasafai take fitowa ba, inda ta fito kuma, kamar 4.12, ba zagi ba ce, cewa kawai ya yi wannan ruwaya Girkawa da barbaroi sun haɗu a kanta. Da ya zo kan Androphagoi masu cin naman mutum a 4.106, wata kalmar ya ɗauko, agriotata, daga agrios, wato na daji, ita ce kuma Homer ya yi amfani da ita ga dodo mai ido ɗaya a littafi na 9 na Odyssey. Girkanci ya bambanta baƙon harshe da ɗan daji. Turanci na yau ya haɗe su cikin kalma ɗaya, "barbarian", mai karatu da Turanci sai ya ɗora wa Herodotus abin da bai faɗa ba.

Wajen binciken ana yawan yin kuskure biyu. Na farko, mantawa da akwatin dukkan siffofi. Girkanci yana sauya ƙarshen suna bisa aikinsa a jimla, Herodotus kuma da karin harshen Ioniya ya yi rubutu, don haka Skuthai, Skutheôn, Skuthêisi duk mutane ɗaya ne, wanda ya nemi siffa ɗaya zai rasa mafi yawa. Na biyu, haruffan Beta Code ba sa bin kunne: q shi ne th, h shi ne doguwar e, w doguwar o, x shi ne kh, c shi ne ks. Basikitiye, Skuthês, sku/qhs ake rubuta shi. Wanda ya rubuta th ba zai samu komai ba, ya ɗauka shafin ne ya lalace. Haka kuma idan an taɓa kalma, shafin Word Study Tool yakan jero fassarar nahawu biyu ko uku da kaso cikin ɗari a gaban kowace. Wannan kason hasashen na'ura ne, a tabbatar da shi da ma'anar jimla.

Herodotus bai bar Sikitiyawa bebaye ba, kuma wannan ne ya raba shi da Aristotle. A 4.79 su ne ke yi wa Girkawa dariya kan bautar Dionysus, suna cewa ba hankali a nemi allan da ke haukata mutane. A 4.127 Sarki Idanthyrsos ya aika wa Dariyus cewa bai taɓa gudun mutum don tsoro ba, abin da yake yi yanzu shi ne abin da yake yi a zaman lafiya, in ana son yaƙi a nemo kaburburan iyayensu a taɓa. A 4.131 suka aika masa tsuntsu da ɓera da kwaɗo da kibau 5. Dariyus ya fassara shi da miƙa wuya, Gobryas, ɗaya daga manyan Farisawa, ya ce ma'anarsa in ba ku tashi sama ba, ko ku shige ƙasa, ko ku faɗa tafki, kiban nan za su same ku. A 4.142 kuma Sikitiyawan ne ke yanke wa Girkawan Ioniya hukunci: in 'ya'ya ne babu ragwaye kamarsu, in bayi ne babu masu son ubangida kamarsu. An juya madubin ke nan. Saboda irin wannan marubuci Plutarch, bayan ƙarni 5, ya zargi Herodotus da zama philobarbaros, mai son baƙi. Duk da haka a riƙe abu ɗaya a zuciya, Sikitiyawa ba su bar adabi rubutacce ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, mu kuwa ko maganar Idanthyrsos da Girkancin wani muka ji ta.

Babban raunin Perseus yana nan kusa, a akwatin Notes na gefen dama. Sharhin How da Wells ne, na 1912. Yana da amfani wajen haɗa babi da babi da warware sunayen koguna, amma an rubuta shi kafin tonon da ya sauya fahimtar masana, kuma yana ɗauke da kallon Turawan zamanin mulkin mallaka ga al'ummomin da suke kira marasa wayewa. Misali mafi kyau 4.73 zuwa 75. Herodotus ya ce bayan jana'iza sukan kafa sanduna 3, su lulluɓe da bargon ulu, su sa duwatsu masu zafi a kasko, su zuba ƙwayar wiwi, su yi ta ihu don daɗi, ya ɗauka wanka ne. Tsakanin 1947 da 1949 Sergei Rudenko ya tona kaburburan Pazyryk a tsaunukan Altai da ƙanƙara ta adana, ya samu sandunan ƙaramin tanti da kasko na tagulla da duwatsu da ƙonanniyar ƙwayar wiwi, ya samu kuma gawar mutumin da aka feɗe wa fatar kai. A 2023 wani bincike kan guntayen fata daga kaburburan kudancin Yukren ya gano fatar mutum a jikin kwarin kibau guda biyu, abin da 4.64 ya faɗa. A ɗaya gefen kuma, abin wuyan zinariya da Boris Mozolevsky ya tono a Tolstaya Mogila a 1971 yana nuna mutane suna tatsar tumaki, wasu biyu suna ɗinka rigar fata, zaman gida na yau da kullum wanda marubutan Girka ba su ba shi fili sosai ba. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a akwatin sharhin. Mai karatu zai rasa ma'aunin da zai raba abin da ƙasa ta gaskata da abin da ya kasance jita-jitar 'yan kasuwa, irin masu ido ɗaya na 4.27, ko masu ƙafar akuya da masu barcin wata 6 na 4.25, waɗanda shi kansa Herodotus ya ce bai yarda ba.

Fassarar Herodotus ta A. D. Godley ce, ta 1920, an ɗan sabunta ta. Ta Aeschylus ta Herbert Weir Smyth ce ta 1926, wasu wasannin Euripides kuma na E. P. Coleridge ne na 1891. Dalili a fili yake, sababbin fassarori suna da haƙƙin mallaka. Ga ɗalibin da Turanci harshensa na biyu ne ko na uku, wannan tsohon salo yana gajiyarwa. Medea ta fi sauƙi, domin fassarar David Kovacs ce ta zamani.

Inda fassarar ta fi cutarwa shi ne Aristophanes. Atina tana da dogarai bayin gwamnati, maharba Sikitiyawa, mai jawabi Andocides a 3.5 ya ce 300 aka saya. A wasan Thesmophoriazusae na 411 kafin Miladiyya, daga baiti na 1001, ɗaya daga cikinsu ne abin dariya. Ba ya iya furta th da ph da kh, yana cewa aitrian maimakon aithrian, yana yar da ƙarshen kalmomi, yana rikita namiji da mace, sunan Artemisia ma Artamouxia ya mayar da shi. Duk wanda ya taɓa kallon wasan Hausa da aka sa baƙo yana cewa "yarinya ya tafi" ya san irin dariyar, ya san kuma wanda take ci wa fuska. Fassarar 1938 da ke shafin ta ba shi Turanci kusan tsaf, don haka mai karanta Turancin kaɗai ba zai ga mafi yawan rainin ba. Dole a buɗe Girkancin da haruffan boko, kuma kada a yi mamaki idan ƙamus ya kasa gane wasu kalmomin dogarin, da gangan aka gurɓata su.

Littafin Iska da Ruwa da Wurare, wato na likitancin nan da ake jingina wa Hippocrates, babi na 17 zuwa 22, gajere ne, zama ɗaya ya isa. A nan ne raini ya sa rigar likitanci: sanyi da damshi sun sa jikin Sikitiyawa ya yi taushi da ƙiba, ba sa yawan haihuwa, yawan hawan doki ke kashe wa attajiransu mazakuta. Yana da bayanai na zahiri, kekuna masu ƙafa 4 ko 6, cukun nonon goɗiya da ake kira hippake, amma a gwada hoton nan da mayaƙan da suka gagari Dariyus a ga yadda marubuta biyu na ƙarni ɗaya suka zana mutane ɗaya. Strabo a 7.3.7 ya kawo hoto na uku, mutane masu gaskiya da ƙana'a waɗanda cuɗanya da Girkawa da kasuwancin teku suka ɓata.

Ta fuskar na'ura, tsohon shafin, wanda ake kira Hopper, tsarin 2005 ne. Ba ya cin data da yawa tunda rubutu ne zalla, amma ba a gina shi don waya ba, mahaɗan ƙanana ne, sai an kwantar da wayar an buɗa da yatsu. Yakan yi jinkiri, wani lokaci ya ba da saƙon kuskure na 503, musamman wajen bincike. Sake lodawa bayan ɗan lokaci yakan wadatar. Sabon shafinsu, scaife.perseus.org, wanda aka buɗe a 2018, ya fi kyan gani, yana jera harsuna biyu kafaɗa da kafaɗa, yana da bincike ta asalin kalma, sai dai ya fi nauyi a kan raunin sadarwa kuma bai ɗauko duk sharhin tsohon ba. Don ƙamus kaɗai, Logeion na Jami'ar Chicago ya fi sauri. Guntayen rubuce-rubucen da suka tsira a takardun Masar ko a bakin wasu marubuta su ne inda tarin ya fi rauni, babu kuma fassarar waɗannan littattafai da Hausa ko Larabci.

Malamin da zai shirya darasi ya buɗe wuraren tun da dare lokacin da sadarwa ta fi sauƙi, ya kwafe Girkanci da Turanci tare da lambobinsu a takarda ɗaya, domin rubutun na ƙarƙashin lasisin Creative Commons ne, an yarda a kwafa muddin an ambaci tushe. Ga mako na farko babi 6 sun isa: 4.46, 4.64, 4.75, 4.79, 4.127 da 4.142, sai a ɗora 3.38 a kai, inda Dariyus ya tara Girkawa masu ƙona gawar iyayensu da Kallatiyawan Indiya masu cin tasu, ya tambayi kowane ɓangare nawa za a biya shi ya yi irin na ɗayan.